Salansa da Amana: Lacca a kan Ƙawancen Akrapovič da Ducati a Gasar MotoGP

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu da suka bar harkokinsu suka zo, malamai, ɗalibai masu karatun injiniya, da 'yan'uwana makanikai da masu walda da nake hangowa can baya da kayan aiki a jikinsu, barkanmu da warhaka. Allah Ya sa mu tashi daga nan da abin da zai amfane mu.

Da aka kawo mini takardar gayyata aka ce in faɗi abin da zan yi magana a kai, sai na ce salansa. Yaron da aka aiko ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Malam, salansar babur?" Na ce ita fa. Ban ga laifinsa ba. A garejinmu salansa ita ce 'yar bora. Idan babur ya ƙi tashi, fulogi ake fara cirewa, a busa kabureta, a duba wuta, in abin ya yi tsanani a sauke kai a ga ringi da fistin da bawul. Salansa kuwa ba mai waiwayarta sai ranar da ta huje, ko ƙusarta ta kwance tana kaɗawa. A nan ma sai a ce a kai wa mai walda ya ɗan ɗiga mata.

To amma ga wani abu. Ducati kamfani ne na ƙasar Italiya, mazauninsa unguwar Borgo Panigale a birnin Bologna, kuma in akwai abin da yake alfahari da shi a duniya, injinsa ne. Da hannunsa yake zana shi, da hannunsa yake haɗa shi, yana ɓoye cikinsa kamar yadda mai magani ke ɓoye saiwa. Duk da haka, tun daga 2014, wannan kamfani ya ɗauki salansar babur ɗinsa na tsere ya damƙa wa wani kamfani daban, a wata ƙasa daban, har ya yarda a rubuta sunan wancan a jikin babur ɗin. Sunan kamfanin Akrapovič, ana kiransa kamar a ce Akrapobic, yana ƙasar Sulobeniya. Abin da nake so mu bincika yau shi ne me ya kai Ducati ga haka, me kowannensu ke samu, kuma me ya riƙe wannan tafiya fiye da shekara goma.

Gasar da ake magana a kanta sunanta MotoGP, ita ce ƙololuwar tseren babura a duniya. Tun 1949 ake yin ta, ko da yake sai a 2002 babban ajinta ya karɓi wannan suna. Baburan cikinta ba na kanti ba ne, don tseren kaɗai ake ƙera su. Kamfanoni biyar ke fafatawa: Ducati da Aprilia daga Italiya, Honda da Yamaha daga Japan, KTM daga Ostiriya. Doka ta ɗaure kusan komai. Girman inji kada ya wuce cc 1000, silinda huɗu, faɗin kowace kada ya haura milimita 81. Nauyin babur kada ya gaza kilo 157. Man babban tseren ranar Lahadi lita 22 ne, ko ɗigo ba a ƙarawa. Taya ta kamfani ɗaya ce, tun 2016 Michelin, kwamfutar da ke sarrafa inji ma iri ɗaya ce ga kowa. A cikin wannan ƙunci ne Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, ya kai gudun kilomita 366.1 a awa a filin Mugello a 2023. Kano zuwa Kaduna ba ta kai kilomita 250 ba, sai ku auna.

Akwai wata doka kuma da ta shafi maganarmu kai tsaye. Kowane mahayi ana ƙidaya masa injunan da zai yi shekara da su, a buga musu hatimi, kuma kamfanin da ke kan gaba ba shi da ikon sauya cikin injinsa da zarar kaka ta fara. Salansa ba ta cikin abin da ake buga wa hatimi. Ke nan idan injiniya ya wayi gari a tsakiyar shekara ya ga injinsa na da wani hali da ba ya so, ƙofofin da suka rage masa kaɗan ne, ɗaya daga cikinsu kuwa wannan bututu ne.

Yanzu mu shiga cikin bututun, don a nan maganar take, kuma zan ɗan daɗe a ciki. Makanikai sun san inji mai bugu huɗu: ya shaƙa, ya matse, ya fashe, ya fitar. Abin da yawancinmu muka ɗauka shi ne a bugu na huɗu fistin ke tura hayaƙi waje, salansa kuma hanya ce kawai da yake bi ya fita, sai ɗan rage ƙara. Ba a nan abin ya tsaya ba. Lokacin da bawul ɗin fitarwa ya buɗe, iska mai zafi da matsi tana faɗawa cikin bututu da ƙarfi, wannan faɗawar kuma tana haifar da wata igiyar matsi da ke gudu gaba da hayaƙin kansa, gudun sauti. A cikin iska mai zafi irin wannan sauti yakan yi wajen mita 600 a daƙiƙa guda. Ku tuna da yaro a bakin rijiya, ya yi kira, muryarsa ta je ƙasa ta dawo masa. Haka igiyar nan ke yi. Idan ta kai inda bututu ya buɗe ko ya ƙare, wani ɓangarenta yakan juyo baya. Sai dai da wani abin mamaki: ta tafi tana turi, ta dawo tana zuƙa.

Akwai wani ɗan taƙi, a ƙarshen fitarwa da farkon shaƙa, da bawul biyun suke a buɗe tare. Idan zuƙar nan ta iso bakin silinda daidai wannan taƙi, sai ta tsotse ragowar hayaƙin da ya maƙale, ta kuma jawo sabuwar iska da mai su cika silinda fiye da yadda fistin shi kaɗai zai iya. Silinda ta cika, fashewa ta yi ƙarfi. Idan kuwa ta iso da wuri ko ta makara, aikin banza ne, wani lokaci ma turi ne zai iso a maimakonta, ya mayar da hayaƙi ciki, inji ya shaƙi abin da ya amayar.

Mu ɗan yi lissafi tare, ɗalibai ku ɗauki biro. Injin MotoGP yana juyawa wajen sau 18,000 a minti. Wato sau 300 a daƙiƙa. Kowace silinda tana fashewa sau ɗaya a juyi biyu, sau 150 ke nan, silinda huɗu kuma 600 a daƙiƙa guda. A juyi ɗaya igiyar nan ba ta wuce tafiyar mita biyu ba. Bututu mai tsawon rabin mita, zuwa da dawowa mita ɗaya, rabin juyi ke nan. Kun ga idan aka ƙara wa bututun tsawon ɗan yatsa, an sauya lokacin da zuƙar za ta iso. Dogon bututu yana taimakon inji a ƙaramin juyi, gajere yana taimakonsa a sama. Babu tsawon da zai gamsar da ko'ina, dole a zaɓa.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu busa a ƙofar fada ya san kakaki ba ya yin muryar algaita, sarewa ba ta yin ta kakaki. Tsawon bututu da faɗin bakinsa su ke yanke hukunci, kuma maƙerin da ya ƙera kakakin ya san haka tun kafin a kafa wata makarantar injiniya. Bambancin kawai, shi murya yake nema, mai salansar tsere kuwa ƙarfi yake nema, muryar tana zuwa ne a bayansa.

Kuma ba yawan ƙarfi kaɗai ake nema ba. Ku dubi mahayi a kwana: babur ya kwanta fiye da digiri 60, gwiwa a ƙasa, gwiwar hannu ma a ƙasa, abin da ke taɓa kwalta na taya bai wuce tafin hannun yaro ba. A haka zai fara murɗa totur. Idan ƙarfi ya zo masa a hankali, yana biye da hannunsa, zai miƙe ya wuce. Idan ya zo masa farat ɗaya, tayar baya za ta sulle, ta sake kamawa, ta yi jifa da shi sama. Salansa na cikin abubuwan da ke tsara yadda ƙarfin nan ke zuwa. Shi ya sa idan an kawo sabuwa wurin gwaji, bayan kwamfuta ta gama faɗin nata, sai an zauna an ji ta bakin mahayi.

Wanda ya fara nuna wa duniyar tsere girman wannan al'amari wani injiniya ne a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, na kamfanin MZ da ke garin Zschopau. Injunansa masu bugu biyu ne, irin tsofaffin Yamaha da Suzuki da iyayenmu suka hau, masu shan baƙin mai tare da fetur. Kuɗi ba shi da su, kayan aiki ma da ƙyar. Sai ya duƙufa a kan salansa. Ya yi ta yanka yana haɗawa har ya daidaita wadda ke da ƙaton ciki da siririyar wutsiya: farkonta yana zuƙo hayaƙi, ƙarshenta yana mayar da man da ya biyo hayaƙin cikin silinda kafin ƙofa ta rufe. A 1961 ɗan injinsa mai cc 125 yana ba da ƙarfin doki 25, wato 200 a kowace lita, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Mahayinsa, Ernst Degner, wanda shi ma ya san aikin inji, yana gab da cin kambun duniya a shekarar. A watan Agusta aka fara gina katangar Berlin. A watan Satumba aka je tsere a Suwidin, injin Degner ya lalace, daga can bai koma gida ba, ya tsallaka Yamma. Kambun ya tafi wurin Tom Phillis na Honda. Shekara na zagayowa, 1962, sai ga Degner a kan Suzuki, ya ci kambun ajin cc 50, na farko a tarihin wannan kamfani. MZ kuwa ba ta taɓa cin kambun wannan gasa ba.

Ba na tsaya nan don in yanke wa Degner hukunci ba, mutum ne da ke neman fitar da iyalinsa daga ƙasar da aka kulle. Amma ina so ku riƙe labarin, domin ya nuna cewa ilimin salansa abu ne da ake tsallaka iyaka da shi a cikin kai, ya ɗaga wani kamfani ya bar wani a zaune. Zan dawo kansa.

Shekara talatin bayan haka, daidai lokacin da Sulobeniya ke ficewa daga Yugoslabiya a farkon shekarun 1990, wani mai tseren babur, Igor Akrapovič, ya buɗe ɗan wurin aiki da ma'aikatan da ba su kai goma ba. Ƙasar tasu mutanenta ba su wuce miliyan biyu da 'yan kai ba, birnin Kano kaɗai ya fi ta jama'a. Ba su da wani babban kamfanin babur na tsere da zai ɗauke shi a baya. Abin da yake da shi shi ne ya hau, ya gyara, ya san abin da ke damunsa da salansar da ake sayarwa a kasuwa: masu kyau sun yi tsada, masu araha kauri da nauyi sun yi musu yawa. Ya sa wa kamfaninsa suna Skorpion, wato kunama. A 1997 ya mayar da shi sunan gidansu, amma har gobe kunamar na nan a tambarinsu.

A wannan shekara ta 1997 ɗin ne Akira Yanagawa, a kan Kawasaki, ya ci tsere a Ostiriya a gasar Superbike ta duniya, wadda ake yi da baburan kasuwa da aka gyara, da salansar Akrapovič a jikin babur ɗinsa. A 1999 kamfanin ya koma garin Ivančna Gorica. A 2000 Colin Edwards, Ba'amurke, ya ci kambun Superbike a kan Honda, kambun duniya na farko ke nan ga wannan suna. Abin lura a nan: Japanawa ba su rasa masu walda ba, ba su rasa ƙarfe ba. Sun gwada ne, agogo ya nuna musu na wancan ya fi, suka karɓa. Daga nan ƙofar MotoGP ta buɗe. Jorge Lorenzo ya ci kambu da ita a kan Yamaha a 2012 da 2015, Joan Mir a kan Suzuki a 2020, Fabio Quartararo a kan Yamaha a 2021. Idan aka haɗa duk nau'o'in tsere, kambun duniya da aka ci da salansar wannan gida sun haura ɗari, ma'aikatansa kuma sun wuce dubu.

Mu koma kan Ducati, domin lokacin da aka ƙulla wannan ƙawance yana da muhimmanci. Ba a ranar daɗi aka ƙulla shi ba. Ducati ya shiga MotoGP a 2003, ya ci kambu a 2007 da Casey Stoner ɗan Ostireliya, daga nan abubuwa suka fara zamewa. Nasararsa ta ƙarshe a wancan zamani a 2010 ce. Aka ɗauko Valentino Rossi, gwarzon Italiya, ya yi 2011 da 2012 bai ci tsere ko ɗaya ba, ya koma Yamaha. A 2013 ko na uku babu wanda ya zo a kan Ducati duk shekara. Babur ne mai gudu a miƙaƙƙiyar hanya, ya ƙi juyawa a kwana. A ƙarshen wannan shekara aka ɗauko injiniya Gigi Dall'Igna daga Aprilia aka ba shi ragamar sashen tsere, a kakar da ta biyo baya kuma sunan Akrapovič ya bayyana a jikin Desmosedici, wato babur ɗin nasu. Ba ƙaramin abu ba ne kamfanin Italiya ya bar Termignoni, mai salansa ɗan ƙasarsu da suka daɗe tare, ya tsallaka maƙwabta.

Nasara ba ta zo da wuri ba. Sai a 2016 Andrea Iannone ya ci tsere a Ostiriya, bayan kusan shekara shida na fari. Andrea Dovizioso ya zo na biyu a duniya sau uku a jere, 2017, 2018, 2019, kullum a bayan Marc Márquez na Honda. Daga 2020 Ducati ya fara cin kambun masu ƙera babura bai saki ba. A 2022 Francesco Bagnaia, wanda a tsakiyar kaka Quartararo ya ba shi ratar maki 91, ya cike ta ya ci kambu, shekara 15 bayan Stoner. Ya maimaita a 2023. A 2024, cikin manyan tsere 20, baburan Ducati suka ci 19, Jorge Martín ya ɗauki kambu. A 2025 Márquez da kansa, da ya koma tawagar Ducati, ya ci nasa a filin Motegi na Japan.

Gaskiya ɗaya ce, jama'a: ba salansa ce ta ci waɗannan kambu ba. Akwai fikafikan da Dall'Igna ya sa wa babur, akwai na'urar da ke runtsar da shi ƙasa wajen tashi, akwai inji mai bawul irin nasu da ba ya dogara da sifirin wajen rufewa, akwai mahaya. Duk wanda ya ce muku bututu ne ya yi duka, talla yake yi. Abin da nake cewa shi ne, a gasar da kan raba na ɗaya da na goma da ƙasa da daƙiƙa guda a zagayen neman gurbi, ba a iya barin ko abu ɗaya a hannun wanda bai kai ba. Dall'Igna ya sauya abubuwa da yawa a shekarun nan, mai salansa bai sauya ba.

Aikin kuma ba na lissafi kaɗai ba ne, na hannu ne. Injin Ducati silinda biyu a gaba biyu a baya, sun buɗe kamar harafin V. Bututun kowane ɓangare sai ya sami tsawon da lissafi ya ce, alhali wurin da zai bi a cunkushe yake: ga tanki, ga ƙafar mahayi, ga taya, ga wayoyi da ba sa son zafi. Shi ya sa za ku gan shi yana murɗewa kamar hanji, ɗaya ya fito ta gefen dama, ɗaya ta ƙarƙashin wutsiya. A baki kuma akan sa 'yar raga, don idan babur ya faɗi cikin tsakuwa kada ta bi bututu ta shiga injin da aka ƙidaya.

Ƙarfen da ake amfani da shi titaniyam ne. Nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na ƙarfen da muka sani ba, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,668, kuma kaurin bangon bututun tsere bai cika milimita ɗaya ba. Masu walda, ku matso da kunne. Wannan ƙarfe idan ya yi zafi yana shan iska kamar soso, in ya sha kuwa ya zama gautsi, ya tsage. Don haka ba a yi masa walda a fili. Sai an rufe wurin da iskar agon, ta waje da kuma ta cikin bututu, a ci gaba da busa masa ita har ya huce. Mai aikin yana zaune, kansa a sunkuye, hannu ɗaya da tocila ɗaya da siririyar waya, yana ajiye ɗigo bayan ɗigo kamar mai ɗinkin hula. Idan ya gama, launin ɗinkin ne shaida a kansa. Fari kamar azurfa ko ruwan tattaka, ya yi. Ya koma shuɗi, iska ta fara shiga. Ya yi toka-toka da gari, sai a jefar. Launin zinariya da shunayya da kuke gani a salansar da ta yi tsere kuwa, zafin hayaƙi ne ya zana mata shi a hankali. A 2009 Akrapovič ya gina wurin narkar da titaniyam na kansa, don kada ya dogara da wani wajen sassan da ake zubawa.

To me kowa ke samu? Ducati ya sami mutanen da ba su da wani tunani safe da yamma sai wannan abu guda, masu iya mayar da zane ya zama ƙarfe cikin ɗan lokaci. Akrapovič ya sami wurin gwajin da kuɗi ba sa saye, ya kuma sami suna. Mai Panigale V4, babur ɗin kasuwa da Ducati ya fitar a 2018, idan ya buɗe littafin kayan ƙari na kamfanin zai ga salansar Akrapovič, kuma zai saya ne saboda abin da ya gani ranar Lahadi. A nan kuɗin suke dawowa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Ba za ka iya yi wa inji salansar da ta dace da shi ba sai ka san cikinsa: yaushe bawul ke buɗewa, yaushe yake rufewa, wace silinda ke fashewa bayan wace, a wane juyi ake son ƙarfi. Waɗannan su ne ainihin asirin da kamfani ke ɓoyewa. Kuma Akrapovič ba Ducati kaɗai yake yi wa aiki ba. Yana yi wa Yamaha, yana yi wa KTM, daga 2023 tawagar Honda ma ta dawo wurinsa. Abokan gaba huɗu, kowa na neman ganin bayan ɗan'uwansa a fili, sun kai cikinsu gida ɗaya a wani ƙaramin gari a Sulobeniya. Ku tuna da 1961, yadda mutum ɗaya ya tsallaka da abin da ya sani, tarihin kamfanoni biyu ya sauya. Waɗannan kamfanoni sun san wannan labari fiye da ni da ku. Na tabbata akwai takardu da sa hannu da lauyoyi, amma takarda ba ta hana baki zuba. Da a ce sau ɗaya Ducati ya ga dabararsa a jikin Yamaha, da an watse. A ganina wannan riƙon amana shi ne babban jarin kamfanin, ya fi injin lanƙwasa bututu, ya fi wurin narkar da ƙarfe, domin waɗancan ana sayensu.

Bari in dawo gida kaɗan. Ubangidana da na yi zaman koyo a wurinsa, Allah Ya jiƙansa, idan aka kawo babur ba ya fara ɗaukar sifana. Yakan ce a tayar, ya durƙusa a baya, ya kara tafin hannunsa kusa da bakin salansa yana jin bugun, sannan a kashe, ya sa ɗan yatsa ya lakato ya duba. Baƙi mai maiƙo, ya ce ringi ne. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na ƙonewa. Bai taɓa jin sunan Kaaden ba, amma ya san salansa bakin inji ce, ta nan yake faɗin ciwonsa.

Shi ya sa abin da wasu samarinmu ke yi yake ba ni takaici. Yaro zai sayi babur mai cc 100 ko 125, ya kai a yanke masa salansa, a zare kayan ciki, don ya ji ƙara irin ta tsere. Ɗana, ƙarar ka samu, ƙarfin ka rasa. Injiniyan da ya ƙera babur ɗin ya auna bututun da kabureta tare, ka ɓata ma'aunin. Za ka ga wajen tashi da kaya ya yi sanyi, mai ya ƙi jimawa, bawul yana cin wuta. Babur ɗin MotoGP doka ta ba shi har desibel 130, amma a killataccen fili, kuma duk wanda ke aiki kusa da shi kunnensa a toshe yake. Masana lafiya sun ce desibel 85 ma, in ya kai awa takwas a kullum, yana cin kunne. Akrapovič ɗin kansa salansa iri biyu yake yi, ta fili daban, ta titi daban, ta titin kuma sai ta cika dokar hayaƙi da ƙara ta Turai kafin a sayar. Kai kuwa a lungu kake wucewa, bayan sallar isha'i, ga jariri an samu ya yi barci, ga tsoho mai hawan jini. Haƙƙin maƙwabta ne kake ɗauka.

A 2027 dokar MotoGP za ta sauya. Inji zai koma cc 850, faɗin silinda milimita 75, mai lita 20 kuma gaba ɗayansa ba na haƙowa daga ƙasa ba, na'urar runtsar da babur za ta tafi, Pirelli ya karɓi taya daga Michelin. Duk tsawon bututun da aka yi shekaru ana daidaitawa ya tashi aiki, za a koma kan takarda da teburin walda daga farko.

Ina da roƙo ga shugabannin ƙungiyar makanikai da masu walda da ke zaune a nan. Ku nemo wanda ya iya waldar agon, ku haɗa kuɗi ku sayi inji ko guda ɗaya ne, ku zaɓi yara uku ko huɗu masu natsuwar hannu su koya, a bar su a kan wannan aiki kaɗai har su gwanance. Ɗalibai, ku ɗauki tef na awo da littafi ku je gareji ranar Asabar, ku auna salansar babur uku daban-daban, ku yi lissafin da muka yi ɗazu, ku nuna wa mai garejin abin da ya fito, ku kuma saurari abin da zai ce muku. Wanda kuma aka kawo masa aiki aka nuna masa wata dabara, ya bar ta a inda aka nuna masa, kada ta kwana a shagon maƙwabci.